Fedar Jitar Babana

Ina tsoron kada tunani ya yi mini gardama, domin a lokacin ina ƙaramar yarinya. Amma in ban yi kuskure ba, daminar da aka cire Kebbi daga Sakkwato ce, wata safiyar Juma'a, na ga Baba ya tura hannu cikin tukunyar ajiyar shinkafar Inna ya zaro wani ɗan akwatin ƙarfe ja. Feda ce ta jita, wadda ake takawa sauti ya canza. A can yake binne ta saboda danshin tafki, wanda a garinmu Yelwa ko allura ba ya bari sai ta yi tsatsa.

Jitar kanta ba ta nan. An ce ta nutse ne ranar da kwale-kwalen su Baba ya kife suna dawowa daga biki a Wara, fedar kuma ta tsira a aljihunsa. Duk da haka kowace Juma'a sai ya shimfiɗa tabarma gindin mangwaro, kusa da inda ake shanya taru. Ya kwance ta, ya share cikinta da gashin kaza, ya goge ramukan waya da auduga da sifirit, ya ɗiga mata man keken ɗinki. Ni ke riƙe ƙananan kusoshin a tafin hannu, ina jin ƙawayena suna gaɗa a waje. Inna takan leƙo daga madafa ta ce, "Malam, yau ma wankan beben ne?" Shi kuwa sai ya ce, "Bebe gare ki, Hajiya. Ni ina jin shi."

Wata shekara wani makaɗi ya zo gari da jita da lasifika, ya roƙi Baba a haɗa fedar a gwada. Na yi ta tsalle, ina ganin yau zan ji. Baba ya juya fedar a hannu, sannan ya mayar da ita aljihu. A hanyarmu ta komawa gida ya ce mini, "Ɗiyata, in aka taka ba ta yi magana ba, mi za ni goge ran Juma'a?"

Yanzu ko a waya ana samun kowane sauti, Baba kuma ya rasu. Fedar na wurina, ina goge ta, ban taɓa gwadawa ba. Idan akwai wanda ya ji kiɗansa a Yauri, Ngaski ko Shanga, don Allah ya gyara mini inda na kuskure, ya kuma gaya mini yadda kukanta yake.