Tarwaɗar da Dija Ta Kama

Duk yaron da ya tashi a Gummi a shekarun da aka buɗe firamare kyauta ya san Namadi, kuma da wuya ka sami mai tuna shi da alheri. Dogo ne siriri, fuska kullum a murtuke, tsumagiya a hammata. Aikinsa tsaron Tafkin Ɓaure, can bayan fadama. Idan gulbi ya janye bayan damina ya bar kifi a tafkin, Sarkin Ruwa yakan ɗaure ruwan: ba mai jefa ƙugiya, ba mai sa koma, sai ranar su, lokacin da gari duka zai faɗa ruwa kowa ya kama rabonsa. Kafin wannan rana, Namadi ne idon Sarkin Ruwa. Aikin gado ne a wurinsa, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Ba abin da ya tsana kamar hutun makaranta na bazara. Daidai lokacin da ruwa ya ja baya kifi ya yi ƙiba, sai a sako masa yara kamar fara. Wanka ba a hana ba, to amma 'yan banzan da ƙugiya suke zuwa a ɓoye cikin wando. Wanda ya kama, sai ya mayar da kifin ruwa, ya karya ƙugiyar, ya tsula masa tsumagiya a ƙafa. Turai mai ƙosai, wadda ya zane wa ɗa har sau biyu, ko gaisuwarsa ba ta amsawa.

Mutum ɗaya ce ke ganin haƙoransa, jikarsa Dija, ɗiyar 'yarsa Safiya da ke aure a Sakkwato. Duk hutu sai an kawo ta. Shi ya kira ta amarya, ita ta ja gemunsa ta ce ta gaji da miji marar cefane. Da ita yake lissafin shekara.

Ubanta kuwa, Surajo, ma'aikacin ofishin ilimi, irin mutanen nan ne da boko ya hau wa kai. A tsaye yake gai da surukinsa, hannu a aljihu. Namadi ya haɗiye, don kunyar surukuta ba ta bari ya yi masa magana kai tsaye.

A wani hutun, Surajo ya ce zai kai yara shan iska, yadda ake yi a birni. Ya loda tabarma da rediyo da biskit a Fijo, da wata sandar kamun kifi ta kanti mai sheƙi. Safiya ta roƙe shi kada ya nufi tafki da sandar, ruwa a ɗaure yake. Ya ce camfin ƙauye ne.

Yaran gari suka bi motar da gudu. Kafin Namadi ya zagayo daga ɗaya gaɓar, labari ya kai kasuwa, har Turai ta bar kasko ta taho kallo.

Ya tarar da rediyo na kiɗa a gindin ɓaure, Surajo a kishingiɗe. Sai ga Dija a guje, sanda a hannu, tarwaɗa na wutsil-wutsil a bakin zare, murna kamar ta tashi sama.

"Tsoho! Tunda ka kasa cehwane, ga kihi na kamo maka!"

Namadi ya dubi tarwaɗar, ya dubi Dija.

Turai ce ta fara magana. "To, yau mu gani! Ko ɗiyan talakkawa ɗai aka bugu? Ɗiyan masu mota ba su da ƙahwa?"

Surajo ya ɗago yana dariya. "Haba Baba, 'yar tarwaɗa ɗaya? Yara ne, hutu suke yi."

Namadi bai dube shi ba. Ɓauren ya duba ya ce, "A gaya ma Malam, ruwan ga ɗaure shike."

"Wa ya ɗaure shi? Gwamnati?" in ji Surajo.

Yaran da ya zana shekara da shekaru duk suna tsaye, idonsu a kan tsumagiya. Ya san in ya kau da kai yau, gobe ƙugiya ɗari za ta shiga tafkin, kuma ba shi da bakin hanawa. Ya zare tarwaɗar ya wurga ruwa. Ya karya sandar a gwiwarsa. Sannan ya ɗaga tsumagiya ya sauke a ƙafar Dija, sau ɗaya.

Ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai ta yi, baki a buɗe. A ranar Surajo ya kwashe iyalinsa, ko abincin rana ba su tsaya ci ba.

Kada ka zaci garin ya yaba. Turai ɗin nan ce ta yi ta yawo gida-gida tana cewa Namadi ba shi da imani, ya doki jininsa a kan kifi. Da ranar su ta zo, Namadi ya kama ƙaton giwan ruwa, ya banda shi da kansa, ya ba wani direba ya kai wa Dija Sakkwato. Direba ya dawo da shi a ɗaure yadda aka ba shi.

Sai hutun wata shekara Safiya ta shawo kan mijinta ya bari a kawo yarinyar. Namadi na zaure, ya sa riga mai kyau, ya taje gemu tun safe. Dija ta shigo, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ido a ƙasa.

"Ina wuni, Baba."

Ya miƙo gemun gaba. "Amarya, yau ba hwaɗan cehwane?"

"Lahiya lau," ta ce. Ta tashi ta shige cikin gida.