Rabin Ƙwayar Iya Kehinde

A unguwarmu ta Oje, nan Ibadan, babu wanda bai san Iya Kehinde 'yar dako ba. Shekara hamsin tana ɗaukar doya a ka daga bakin mota zuwa rumfuna, har wuyanta ya shige kafaɗu. Tagwaye ne ita da Taiwo, amma kuɗin makarantar mutum ɗaya ubansu ya iya biya, sai ya tura Taiwo. Ta zama malama, ta yi ritaya da fansho da katin asibiti. Rana ɗaya aka haife su, amma yau baƙo kan gaida Taiwo, ya nuna Kehinde ya ce, "Ya jikin mahaifiyarki?" Abin nan yana ƙona min rai.

Hawan jini ya kama su duka biyun. Taiwo na karɓar magani da katinta, Kehinde kuwa sai tafarnuwa da jiƙon ganye. To mu a wajenmu, ba a ba ɗan tagwaye abu a hana ɗan'uwansa, ko da zani ne. Sai Taiwo ta riƙa raba ƙwayarta biyu a ɓoye, kullum safe ta miƙa wa 'yar'uwarta rabi. Wata takwas ana haka, babu wadda jininta ya sauka.

Ranar da jiri ya kayar da Taiwo a bakin murhu, asiri ya tonu. Likita ya ce rabin ƙwaya ba ya tsare kowa, in suka ci gaba shanyewar jiki na jiran ɗayarsu. Kati kuma na mutum ɗaya ne.

"Ke 'yar boko, ashe kashe kanki kike yi?" in ji Kehinde. "Sha abarki, ni jikina ƙarfe ne."

"Ƙarfen da ya lanƙwashe? Rufa mana baki."

Taiwo ta buga wa ɗanta Gbenro waya, injiniya a Legas, wanda buhun shinkafar ƙarshen shekara kaɗai ke haɗa shi da innarsa Kehinde.

"Daga yau na ajiye magani," ta ce masa, "sai nata ya riƙa zuwa cikakke, kowane wata."

"Haba Mama, da ranki za ki yi wasa?"

"Nata ran ne na wasa?"

Kwana uku ba ta sha ba. A rana ta huɗu direban Gbenro ya iso da kwalin magani.

Kehinde ta ɓare ƙwaya ɗaya, ta daɗe tana juya ta a tafin hannunta.

"Au," ta ce, "dama haka girmanta yake?"