Kwalaben Yaya Sha'aban

Yayana Sha'aban ya yi shekara goma sha tara yana kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata makaranta a Azare. Mutum ne da ba ya iya wuce ɓawon albasa a ƙasa. Masu albasa a kasuwa har tsokanarsa suke yi: "Malam, yau ma miyar ɓawo za a yi?" Sai ya yi murmushi ya cika jakarsa.

A cikin ɓawon akwai wani sinadari rawaya. Shi yake tacewa ya zuba a ƙananan kwalabe, don ya auna yawan hasken da yake sha da irin ƙyallin da yake fitarwa idan an haska shi. Da wannan aikin zai sami digirinsa na biyu, abin da ya daɗe yana buri. Na'urar awon tana Kano, kuma sau ɗaya a zangon karatu ake ba shi dama.

A 2003 na koma gidansa da zama bayan rasuwar mijina. Na ga kwalaben a kwando duk sun yi dabbare-dabbare, raina ya ƙi. Ni Zinatu ba a san ni da ƙyale ƙazanta ba. Na ɗebo toka a murhu na dirje su kamar tukunya, na ɗauraye sama-sama don rijiyarmu ta ja baya. Da ya gani ya ce, "Sannu, ƙanwata, sun fi na ofis haske." Bai tambayi da me na wanke ba. Tun daga nan wankinsu ya dawo hannuna.

Sau huɗu yana zuwa Kano, sau huɗu awon ya ƙi daidaita. Malaminsa ya ce aikin ba zai tsayu ba. Wa'adin karatunsa ya cika, ya haƙura.

Bayan shekara uku, wata rana da hantsi, ya ce in zo in ga abin mamaki. Ya barbaɗa toka a ragowar ruwan ɓawon, nan take launin ya rine.

"Kin gani? 'Yar kaɗan ta isa ta ɓata shi. Shi ya sa ko kusa da murhu ba na kai shi."

Nan na gane tokar da nake wanki da ita ce ta ɓata masa awo.

Ya rasu a 2008 yana ganin hannunsa ne bai iya aiki ba. Tsoro ya hana ni gaya masa, kuma har yau abin yana cin raina. Kwalaben suna wurina, guda goma sha ɗaya, fes da su.