Gaisuwar da ta raba mu

Ina da shekara sha shida rikici ya ɓarke a Legas, bayan saukar soja daga mulki. Muna dawowa Agege ni da ɗan kawuna, baƙo daga ƙauye, sai samari masu adduna suka tare motarmu suna neman Hausawa.

Ni haifaffen Legas ne. Na kwanta rub da ciki irin na Yarbawa a gaban babbansu, na gaishe shi da yarensu. Ɗan kawuna ya tsuguna, yadda aka koya masa a gida.

Babban ya tambaye ni, "Ka san shi?" Na ce a'a.

Ɗan kawuna ya tsira da sara a kafaɗa. Har yau shi ke fara gaishe ni. Wallahi da zagina yake yi, da na fi samun barci.