Haruffan da Ake Ci da Zafinsu

A ƙauyenmu na kwarin Cochabamba, tun jirgin ƙasa bai iso ba, wadda ta fara koya wa 'yan mata karatu mai gasa burodi ce, Doña Remigia. Hannuwanta kullum fari fat da gari, zanenta na ƙamshin kirfa da hayaƙi.

Fada Anacleto, limamin cocinmu, ya yi rantsuwa a gaban jama'a: duk gidan da 'yar gidan ta riƙe alli, ba addu'ar aure, ba ta gawa. Remigia ta sunkuyar da kai kamar gaske, ta watsa allinta a rafi. Washegari ta fara murza ƙullu tana lanƙwasa shi haruffa. Mu karanta, mu cinye. Duk sanda Fada ya leƙo, kumatu cike yake tararwa.

"Me ake yi nan, Doña?"

"Karin kumallo, Fada. Ga O... au, ga zobe. Ci da zafinsa."

Sai ranar da matattu ke dawowa gida cin abinci ta zagayo, ranar da kowa ke jera musu burodi a tebur. Mahaifiyar Fada, Doña Genoveva, a shekarar ta rasu. Remigia ta sa muka gasa sunan marigayiyar muka kai. A bakinmu B da V sautinsu ɗaya, sai ga GENOBEBA shimfiɗe a tebur. "Beba" kuwa shi ake ce wa mutum in an miƙa masa ƙoƙon giya: sha!

Kunnuwan Fada suka yi ja.

"Wace ja'ira ce ta mai da uwata mashayiya?"

"Ai mu jahilai ne, Fada," in ji Remigia, idonta a ƙasa. "Haka baiwar Allah za ta zo ta gani."

Da azahar matattu ke isowa, rana kuwa ta ɗaga. Fada ya naɗe hannun riga, ya tasa mu zuwa tanda, ya fizgi ƙullu.

"V! Ƙafa biyu, haɗe a ƙasa! Ku faɗa, kawunan kabewa!"

Muka faɗa da ƙarfi, rabin ƙauye na kallo daga bakin ƙofa.

Yana karkaɗe gari zai fita, Remigia ta ce, "Fada, H ma tana ba mu wuya."

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai waiwayo ba.

"Ranar Laraba zan dawo," ya ce.