Mai Kankara da Gansakukar Ruwan Sanyi

An haife shi a shekarar 1949, a wani gari da ke gindin dutse. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa tela.

Karatu

Ya shiga firamare a 1956, ya fita daga aji huɗu, domin a cewar mahaifinsa, zuga-zugi ba ya jiran jarrabawa.

Aiki da Iyali

A 1968 hukumar ruwa ta ɗauke shi aikin kankare gansakuka daga bangon tankuna, har aka laƙaba masa Mai Kankara. Ya yi aure a 1973.

Gano Gansakukar

A 1988 aka tura shi wata maɓuɓɓuga cikin dutsen, mai sanyin da ke kashe yatsu. A bangonta ya ga gansakuka ruwan makuba, silinta bai kai gashi kauri ba, rassanta duk gefe guda kamar haƙoran mataji. Shekara ashirin yana kankara bai taɓa ganin irinta ba, saboda haka ya ƙi kankare ta. Shugabansa ya ce ƙazanta ai ƙazanta ce, ya dakatar da shi wata uku, kuma aka tsai da shawarar zuba wa wurin siminti.

Sau uku ya aika da ita jami'a cikin kwalba, sau uku zafin mota yana kashe ta, ana maido masa da amsa cewa ruɓaɓɓen ruwa ya aiko. A 1990, saura mako biyu a fara aikin simintin, ya ɗauki fulas ɗin shayin maiɗakinsa, wadda ta ce dama ta san wata rana gansakuka za ta gaje ta, ya cika shi da ruwan maɓuɓɓugar, ya sa gansakukar a ciki, ya kai da kansa. Malamar sashen tsirrai ta duba a madubin bincike, ta tambaye shi inda ya yi karatu.

"A bangon tanki, ranki ya daɗe," in ji shi.

A 1992 aka wallafa bayaninta a matsayin sabon jinsi da ba ya rayuwa sai a ruwan sanyi, da sunansa kusa da na malamar. Tuni aka fasa zuba simintin, aka kewaye wurin da waya.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 2003. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, cikin watan Maris na 2016, aka binne shi bayan la'asar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: babban bakanike, mai bi masa ungozoma, na uku direba, sai autar, wadda mabuɗin maɓuɓɓugar ke hannunta yanzu.