Takalman Yakumbo a Misfala

Asubar fari muka bar gida, ni da ƙanina da matarsa, muka nufi filin jirgin Kano. Umra ce ta fito da mu, amma ni da wani aikin daban. Umma, wadda idonta ya tafi bara, ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce kada in dawo mata babu labarin Yakumbo, yayarta da ta tafi Makka tun ina goye. Wasiƙarta ta ƙarshe ta ce tana cikin matan rawa a unguwar Misfala. Daga nan shiru, shekara kusan talatin.

Daga Jidda zuwa Makka titi sumul. Ƙanina ya yi ta dafe kujera yana jiran rami, har muka isa bai samu ko ɗaya ba. Muka yi umrarmu lafiya. Abinci kuwa, wake da gurasa mai zafi da safe, shinkafa da kaza da rana, kuma duk wanda ya ce zai riƙa juya kuɗin shayi zuwa naira, to ba zai sha ba.

Rana ta uku na shiga Misfala. Hausa ko'ina, amma rabinta Larabci, sai ka kasa kunne sosai. Duk wanda na tambaya matan rawa sai ya kalle ni sheƙeƙe, wai rawa a Makka. Sai wata mai fura ta ja ni gefe ta nuna mini wani tsohon bene a ƙarshen lungu, ta ce in je bayan la'asar, mata zalla.

Benen nan kusan kango ne, mutanensa duk sun koma unguwar Ka'akiyya. Ƙofofi a garƙame, babu ko kukan yaro. Tun daga matakala nake jin taku, ƙwas ƙwas ƙwas, sai ya ɗauke ɗif, sai ya dawo. Matar ƙanina ta ce ita a nan ƙasa za ta jira. Ban ga laifinta ba, don ni ma tsikar jikina tashi take.

A hawa na uku na tarar da mata kamar goma sha biyu. Shugabarsu wata tsohuwa ce da suke kira Hajja, iyayenta ta Sudan suka zo. Ta ba ni shayi, ta ba ni tarihi kafin ma in faɗi abin da ya kawo ni. Wata mata ce daga Sifen, mai rawa a ƙasarsu, ta musulunta ta auri wani tela Bahaushe a unguwar. Ita ta koya wa iyayensu buga dunduniya da tafi da 'yan katako biyu da ake kaɗawa a tafin hannu. Kowace ta shigo kuma sai ta ƙara takunta na gida. Suna yi a bikin mata, abin da aka ba su shi suke ciyar da tsofaffin da ba su da kowa, su yi jinyarsu, in ta Allah ta kasance su yi musu wanka.

Da suka miƙe suka yi da'ira, sai na ga giɓi uku, kowane da takalmi a ajiye. Suna takawa, in aka zo kan giɓi sai kowa ya tsaya cak, a bar shiru na ɗan lokaci, sannan a wuce. A cikin shirun nan, wallahi, na ji kamar bene yana amsawa daga ƙasa. Na san babu kowa a hawa na biyu, don na wuce ta nan.

Ni da karambanina, da Hajja ta yafito ni in matso, sai na ɗauka gurbin baƙi ne. Na shiga giɓin tsakiya, na zura ƙafa cikin takalmin. Ya zauna mini ɗas kamar an gwada.

Rawar ta tsaya cak. Wata ta saki katakonta ya faɗi.

Hajja ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ya binti, juya in ga bayanki." Na juya. Ta ce, "La ilaha illallah. Ke wace ce a wurin mai wannan takalmin?"

Na ciro hoton Yakumbo da Umma ta ba ni, na miƙa mata. Nan ta gaya mini al'adarsu: wadda ta rasu babu dangi a kusa, ba a rufe gurbinta, ba a taka takunta, sai jininta ya zo ya ɗauki takalmin. Yakumbo ta shekara huɗu da rasuwa. Su suka yi jinyarta, su suka yi mata wanka. Hajja ta ce, "Kullum tana cewa ƙanwarta za ta aiko. Halas, shi ke nan, ga shi ta aiko."

Na yi kuka sosai. Suka sake miƙewa, suka matso kafaɗa da kafaɗa suka rufe wurin. Sauran giɓi biyun suna nan yadda na same su.

Mun sauka Kano da hantsi. Da na shiga gida, sai na ɗora wa Umma takalman a cinya. Ta shafa su, ta shafa dunduniyar da ta cinye, ta ce, "Allah ya jiƙan Yaya." Can ta ce in yi mata yadda suke yi. Na buga mata a kan tabarma da tafin hannu, na bar shirun a inda suke barinsa. Sai Umma ta sa hannu ta cike shi, tsaf, babu kuskure. Ashe takun Yakumbo luguden mahaifiyarsu ne, wanda suke yi su biyu a turmi ɗaya tun suna 'yan mata.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mu da muke dangi mun yi shekara talatin muna cewa za mu bincika, waɗanda ba su haɗa komai da ita ba kuwa suka riƙe mata wuri. Har yanzu ina tunanin takalma biyun da na baro a benen nan. In akwai wanda tasa ta tafi Makka aka daina jin ɗuriyarta, ya je ya duba.